Wankan Jego Daga Zariya Zuwa Madina: Tarihin Ruwan Zafi, Ƙiba Da Ciwon Suga



Makonni kaɗan da suka wuce na je gaida wata gwaggona a Madina, dattijuwa ce da ta haura shekara sittin, kuma ta daɗe tana fama da ciwon suga. Na tarar da babbar tukunya a kan murhun gawayi tana tafasa, ga rassan darbejiya an ajiye a gefe, alhali babu mai jego a gidan. Da na tambaya sai ta ce: "Ɗan nan, ashe ba ka ji ba? Jikana ya karanta mini a waya, wai likitocin Turai sun gano wankan ruwan zafi yana sauke suga, yana rage ƙiba. Abin da muka gada tun kaka da kakanni, yau Bature ya zo yana mana bayaninsa." Ta ƙara da cewa idan wankan ya karɓe ta za ta rage ƙwayoyin da take sha, domin kuɗinsu ya ishe ta.

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa na ɗauki alƙalami. Labarin da jikan nata ya karanta yana da tushe, kuma za mu zo kansa. Sai dai ruwan zafin da aka yi wancan bincike a kansa da wanda ke tafasa a tukunyar gwaggo sun sha bamban, kuma namu yana da doguwar hulɗa da likitoci, wadda ta faro fiye da shekara hamsin da suka wuce, wadda kuma yawancinmu a nan Gana ba mu taɓa jin labarinta ba.

A tunanin Bahaushe na dauri, babban abokin gaban mai jego shi ne sanyi. Ana ganin macen da ta haihu jikinta ɗanye ne, a buɗe yake, idan sanyi ya shige ta zai bar mata kumburi da ciwon gaɓoɓi har tsufanta. Don haka duk wata hidimar jego an gina ta ne a kan zafi. Safe da yamma ungozoma ko wata dattijuwar gida za ta tafasa ruwa, ta tsoma ganye a ciki ta riƙa fyaɗa wa mai jego a jiki, har tsawon kwana arba'in, mai haihuwar fari kuwa akan zarce da ita watanni. A ƙasar Zazzau da wasu sassan Katsina akwai gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, mai jego ta kwanta a kai ta gasa jikinta. Abincinta ma mai zafi ne: kunun kanwa, farfesun ƙauri, gasasshen nama, tuwo da yajin jego mai citta da kanumfari da masoro da kimba. Baba ta Karo, dattijuwar nan ta ƙasar Zazzau wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954, ta yi bayanin wannan wanka a matsayin abin da babu macen da ke tsallake shi a zamaninta.

A lura da abu guda a nan, domin shi ne ya fi ba ni dariya a maganar gwaggo. Ba a taɓa yin wankan jego don mace ta rame ba. Burin uwa idan 'yarta ta zo wankan gida shi ne ta mayar da ita ɗakin mijinta ta yi ƙiba, ta yi haske, ta murje, yadda dangin miji za su ce lallai an kula da ita. Mai jegon da ta fita arba'in a rame abin kunya ce ga gidansu. Wato ruwan da a jiya ake haɗa shi da ƙauri da kunu don a yi jiki, shi ne yau ake son a ɗora wa aikin zubar da jikin.

Ta yaya al'adar ta iso gaɓar teku? Ta biyo fatake. A ƙarni na 19 ayarin Hausawa kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato su nufi Gwanja sayen goro, babbar kasuwarsu kuwa Salaga ce. Cikin kayan da jakunansu ke ɗauka, ban da tufafi da fatu, akwai kanwa, wadda ake haƙowa a ƙasar Barno da Manga da gefen tafkin Cadi. Saboda haka kanwar kunun mai jego ta riga yawancin kakanninmu zuwa wannan ƙasa. Da yaƙin basasar Salaga ya tarwatsa garin a 1892, mutanensa suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kumasi da kuma birnin Accra, wanda mu muke kira Ankara, inda dama akwai Hausawa a tsakiyar gari. Daga baya Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima ta tashi a shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa, Madina kuma aka kafa ta a 1959 ƙarƙashin jagorancin Alhaji Seidu Kardo. A kowane ɗayan waɗannan matakai mata sun taho da tukunyar wankansu.

Amma al'adar ba ta iso yadda ta taso ba. Gadon wuta bai samu wuri a gidan haya na Nima ko Maamobi ba, inda iyali goma ke layi a kan banɗaki ɗaya, itace ya zama gawayi na saye, ruwa kuma ya zama na jarkar nan mai ruwan ɗorawa da ake wa laƙabi da galan ɗin Kufuor. Ko darbejiyar da muke ɗauka tamkar da ita aka halicci wankan, baƙuwa ce daga ƙasar Indiya. An fara yaɗa ta a nan Gana a zamanin Gwamna Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, a Najeriya kuwa an fara dasa ta a lardin Barno a 1928. Kakannin Baba ta Karo ba su san ta ba, da ganyen itatuwan dajinsu irin su runhu da sabara suke wanka. Wanda duk ya ce wankan jego ba ya sauyawa, darbejiyar da ke hannunsa ta ƙaryata shi.

Yanzu mu koma Zariya, inda likitocin zamani suka fara sa wa al'adar ido. A 1969 wani likita ɗan Birtaniya, Eldryd Parry, ya zama farfesan likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello. Shi da abokin aikinsa Neil Davidson suka lura da wani abu da ya ba su mamaki: mata matasa, waɗanda ba su da tarihin ciwon zuciya, suna cika ɗakin marasa lafiya 'yan makonni bayan haihuwa, ƙafafu da fuska a kumbure, numfashi yana sarƙewa, ba sa iya kwanciya sai a jingine. Ciwon gazawar zuciya bayan haihuwa sananne ne a duniya, amma a Turai da Amurka sai an yi haihuwa dubbai kafin a ga mace ɗaya mai shi. A Zariya lissafinsu ya nuna kusan mace ɗaya cikin kowace ɗari. Sun bi diddigin mata 224, kusan dukansu Hausawa da Fulani, suka buga sakamakon a 1978, kuma sun lura cewa masu ciwon sun fi yawa a watannin zafi da gumi.

Bayanin da suka bayar mai sauƙin fahimta ne. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam, wanda shi ne ke cikin gishiri, shi kuwa sodiyam yana riƙe ruwa a jiki. Macen da ke shan kunun kanwa kwano bayan kwano kullum, ruwan da ke zagaya jijiyoyinta ƙaruwa yake yi. Zafi a nasa ɓangaren yana buɗe ƙananan hanyoyin jini na fata, sai zuciya ta ƙara bugu don ta cika su. Ga zuciyar da ta ɗauki nauyin ciki wata tara, sau da yawa ga ƙarancin jini, ga hawan jini, sai a haɗa mata lodin ruwa da lodin zafi a lokaci guda, a tsakiyar bazarar Zariya. A 1979 wani binciken da John Sanderson ya yi tare da Parry da abokan aikinsu 'yan Najeriya, da na'urar hoton zuciya, ya ƙarfafa wannan fahimta cewa a jikin da yawa daga cikin matan lodi ne ya yi wa zuciyar yawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan labari shi ne yadda al'adar ke iya ɓoye ciwon da idonta ya kamata ya fara gani. Mai jego ta fara kumbura, sai a ce jego ya karɓe ta, ta yi ƙiba. Idan kumburin ya yi yawa har aka tsorata, sai a ce sanyi ne ya shige ta, maganin sanyi kuwa a ƙara zafin ruwa a ƙara kanwa. Ba mugunta ce ta sa iyaye yin haka ba, iyakar saninsu ke nan, kuma cikin ƙauna suke yi. Parry ɗin nan, af, ba baƙon Gana ba ne: bayan Zariya da Ilori ya zo Kumasi ya shugabanci makarantar likitanci ta jami'ar kimiyya da fasaha a farkon shekarun 1980, kuma ya rasu a 2022.

Shekaru da dama hukuncin Zariya ya zauna daram, har littattafan likitanci na duniya suka riƙa kawo wankan Hausawa da kanwarsu a matsayin misali. Ita kuwa al'adar ba ta ja da baya ba. Wani bincike da Zubairu Iliyasu da abokan aikinsa suka yi a ƙauyen Danbare kusa da Kano, aka buga a 2006, ya samu fiye da kashi 80 cikin ɗari na matan da aka tambaya suna wankan ruwan zafi suna shan kunun kanwa.

Sai dai tambaya ta rage: idan kusan kowace mace tana wankan, me ya sa ɗaya cikin ɗari ce ke kamuwa? A Yamai ta Nijar, likita Arnaud Cénac ya nuna tun farkon shekarun 1990 cewa matan da ke da wannan ciwo suna da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jininsu. A Kano Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya samu irin wannan sakamako a 2015. Daga nan ya jagoranci wani babban bincike a asibitoci da dama na faɗin Najeriya, wanda ya ƙunshi mata 406 masu ciwon, aka buga shi a 2020. Har yanzu arewa maso yamma ce ke kan gaba, kuma yawan masu kamuwa bai yi nisa da lissafin Zariya ba. Amma da aka gwama masu ciwon da masu lafiya, wanka da kunun kanwa ba su ne suka raba su ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, rashin karatu, rashin sana'a, da hawan jinin masu juna biyu wanda kan kai ga jijjiga. A taƙaice talauci ya fi tukunyar ruwan zafi hannu a cikin lamarin.

Ni a ganina wannan bai wanke kanwa sarai ba. Macen da zuciyarta ta riga ta raunana, ko mai hawan jini, ƙarin sodiyam cutar da ita zai yi, ko daga kanwa ya fito ko daga gishiri da dunƙulen miya. Abin da binciken ya nuna shi ne an yi gaggawar ɗora wa al'ada laifin da yunwa da rashin awon ciki ke da kaso mafi girma a cikinsa.

To, ina labarin da jikan gwaggo ya karanta ya samo asali? Daga wata duniya dabam, wadda babu mai jego a cikinta. A 1999 wani likita a jihar Kolorado ta Amurka, Philip Hooper, ya sa masu ciwon suga takwas su riƙa zama cikin kwamin ruwan ɗumi har kafaɗa, minti 30 a rana, kwana shida a mako, tsawon mako uku. Sugansu na safe kafin cin abinci ya sauka daga 182 zuwa 159, wato a ma'aunin da asibitocinmu na Gana ke amfani da shi daga kimanin 10.1 zuwa 8.8, nauyinsu kuma ya ragu da kimanin kilo 1.7. Duk mai zuwa awon suga ya san 8.8 da safe har yanzu ciwo ne, domin daga 7 ake lissafa mutum cikin masu shi. Kuma mutanen nan takwas ba su daina shan magungunansu ba.

A 2017 Steve Faulkner na Jami'ar Loughborough a Ingila ya gwada maza 14, wani lokaci su zauna awa ɗaya a ruwa mai zafin digiri 40, wani lokaci su tuƙa keke na awa ɗaya. Zaman ruwan ya ƙona kimanin kalori 140, daidai da tafiyar rabin awa a ƙafa, kuma tashin suga bayan cin abinci ya ragu da kimanin kashi 10 cikin ɗari idan aka gwada da ranar keke. Keken dai ya fi ƙona kalori nesa ba kusa ba. Kalori 140 kuwa gwangwanin Coca-Cola ɗaya ne ke mayar da shi. A 2020 likitocin asibitin Kohnodai a Japan suka ba da rahoton masu ciwon suga 1,297, inda waɗanda suka fi yawan shiga kwamin wanka suka fi sauran ƙarancin nauyi da daidaiton suga. Amma tambayar mutanen kawai aka yi game da ɗabi'arsu, kuma mai ƙarfin jiki dama shi ya fi iya shiga kwami kullum, don haka ba a san wanne ya jawo wanne ba. Masana na ganin zafin yana ƙara gudun jini zuwa tsoka, kuma yana sa jiki ya fitar da wasu sinadarai irin waɗanda motsa jiki ke fitarwa, shi ya sa suke fatan hanyar za ta taimaki wanda ba ya iya tafiya.

Mai karatu ya ga bambancin da kansa. Can ruwa ne da aka auna da ma'auni, bai fi zafin jikin mutum da digiri uku ko huɗu ba, mutum ya nutse a ciki rabin awa ko awa guda, likita na tsaye a kansa. Namu ruwa ne da aka sauke daga wuta yana tururi, a fyaɗa da ganye na 'yan mintuna. Gida nawa ne a Madina ko Nima ke da kwamin da babba zai nutse har kafaɗa, kuma galan nawa zai ci? Nauyin da mutum ke gani ya ragu nan take bayan gumi ma ruwa ne, da ya sha ya dawo.

Da a zamanin kakanninmu ne, wannan magana ba za ta dame mu ba, domin ciwon suga baƙo ne a lokacin. A ƙarshen shekarun 1950 likita Silas Dodu ya auna masu zuwa asibiti a Ankara ya samu ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari. Binciken da Farfesa Albert Amoah da abokan aikinsa suka buga a 2002 ya samu fiye da mutum shida cikin ɗari na manya a yankin babban birnin. Mu ma a Zango mun san haka ba tare da alƙaluma ba. Fatake sun taka daga Kano zuwa Salaga a ƙafa, mu jikokinsu muna yini a zaune a shago, mu karya da koko mai sukari da ƙosai da burodi, mu hau mota zuwa inda ƙafa za ta kai mu cikin minti goma. Sannan har gobe idan mace ta yi jiki sai mu ce ta samu hutu.

Ga mai ciwon suga kuwa ruwan zafi yana da haɗarin da bai shafi mai jego mai ƙuruciya ba. Ciwon idan ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, ta yadda mutum zai taka tafasasshen ruwa bai sani ba sai ya ga fata ta saɓule. Ƙunar mai suga ba ta saurin warkewa, kuma ƙaramin gyambo irin wannan shi ne mafarin yanke ƙafa da yawa da ake yi a Korle Bu da sauran asibitoci. Mai yin allurar insulin kuma zafi kan sa allurar ta shiga jini da sauri, suga ya faɗi warwas, ga jiri saboda saukar bugun jini, a banɗaki mai santsi wanda ba kowa a kusa. Ko a gwajin Hooper sai da aka riƙa taimaka wa mutanen idan za su fito daga ruwan saboda jiri.

Ban raina wankan jego ba, kuma ba na cikin masu son a binne shi. Kwana arba'in da ake ɗauke wa mace aikin gida, a ciyar da ita, a zauna da ita, a koya mata riƙon jariri, gata ne da matan ƙasashe masu arziki da yawa ba su samu. Ruwa mai ɗumi da hannun uwa suna sassauta jiki. Abin da tarihin Zariya da Kano ya bar mana shi ne a surka ruwan, a sassauta kanwa, musamman ga wadda aka ce tana da hawan jini a lokacin awo, wadda aka yi wa tiyata kuma a bi umarnin asibiti har ɗinkin ya warke. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura har yatsa ke lotsawa a ciki, ko take haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, ko tari ke tashinta da dare ba ta iya kwanciya sai da matasai uku, a kai ta asibiti a ranar, kada a jira arba'in.

Na faɗa wa gwaggo duk wannan a taƙaice, na roƙe ta kada ta taɓa ƙwayoyinta sai ta yi magana da likitanta, idan kuɗin ne ya yi nauyi mu 'ya'yanta mu san yadda za mu yi, a kuma duba ko katinta na inshorar lafiya bai mutu ba. Ta yi shiru, sannan ta ce wankan dai ba za ta fasa ba, domin yana sa ta barci. Muka daidaita a kan cewa za a riƙa surka mata ruwan, jikanta ya fara gwada shi da gwiwar hannunsa kafin ya taɓa ƙafarta. Da zan tafi ta rako ni bakin ƙofa tana tambayata ko shi wannan Bature na Zariya ya taɓa ɗanɗana kunun kanwar da ya yi ta rubutu a kansa.